Yadda mai juna biyu za ta yi idan ta ga fumfuna a zumar mapul

Ƙarfe goma na dare ta gota lokacin da wayata ta yi ƙara. Wata yarinya ce 'yar garinmu da aure ya kawo ta Ottawa a Kanada, cikinta na fari, wata biyar. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. "Yaya, na ci wani abu, ina tsoron kada na cuci abin da ke cikina." Ashe kwaɗayin waina ne ya taso mata, ta soya, ta ɗauko kwalbar zumar mapul (ruwan zaƙin da ake samu daga dafa ruwan bishiyar mapul) da maigidanta ya sayo tun watan Maris, ta tsiyaya ta ci ta ƙoshi. Sai da ta zo rufe kwalbar ta ɗaga ta wajen fitila, ta hangi wani abu fari-fari mai ratsin toka yana lilo a sama kamar yanar kunu. Tun da aka buɗe kwalbar a kabad take zaune, kusa da murhu, ga shi ana tsakiyar zafin Yuli.

Na fara da kwantar mata da hankali, don cokali biyu ko uku da aka ci sau ɗaya galibi ba ya haifar da komai. Daga nan na ce kwalbar ta gama aiki, ta tafi shara. Abin da na yi mata bayani a wannan daren, da wanda na ƙara mata washegari da na je duba ta, shi na tattara a nan domin 'yan'uwa mata da ke zaune a Kanada da Amurka, da waɗanda ake kai wa wannan zumar tsaraba a gida.

Sunan ne ya yaudare mu

A gidanmu zuma muke ce mata, don ta yi kama da zuma a ido da kuma harshe. Mun taso muna ganin zuma tana shekara a gora ko kwalba a ɗakin kaka ba abin da ya same ta, shi ya sa hannu ke kai kwalbar mapul kabad ba tare da an yi tunani ba. Amma zumar ƙudan zuma ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari ba. Ta mapul kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku nata ruwa ne, sauran kashi 66 zuwa 67 cikin ɗari sukari. Wannan ratar ita ce ƙofar da fumfuna ke shigowa.

Yadda ake yin ta ya fi kusa da yadda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila. A ƙarshen hunturu, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta saki, ana huda jikin bishiyar mapul a tari ruwan da ke ɗigowa. Ruwan tsalala ne, zaƙinsa kaɗan, sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita ɗaya ta zumar. Lardin Kebek na Kanada shi ke samar da mafi yawan wadda duniya ke sha, a Amurka kuma jihar Bamont ce kan gaba. Mai mazarƙwaila yana dafawa har ruwan ya ƙone ta daskare. Mai mapul yana saukewa tana da ruwa-ruwa, ya zuba a kwalba ko gwangwani da zafinta, ya liƙe. Wannan zafin da liƙewar su ne kaɗai kariyarta, ba a sa mata maganin hana lalacewa. Ranar da kika buɗe murfin, iskar kicin ta shiga da ƙwayoyin fumfuna da ido ba ya gani, kuma akwai nau'o'in fumfuna da yawan sukari ba ya hana su tsiro.

Mataki na farko: ki tabbatar da abin da kika gani

Ba duk abin da ya bayyana a kwalba ne lalacewa ba, kuma abu ne mai tsada, bai kamata a zubar da lafiyayye ba. Ki ɗauki kwalbar a hankali, kada ki girgiza ta, ki kai ta inda haske yake. Ki fara duba saman zumar, sannan wuyan kwalbar, sannan cikin murfin.

Fumfuna a sama take zama, don iska take bukata. Wani lokaci yana ce siririya mai ɗan kauri da ta rufe fuskar zumar, wani lokaci ɗigo-ɗigo ne masu gashi-gashi kamar auduga, farare ko masu launin toka, kore-kore, ruwan ƙasa ko baƙi. A zuma mai duhu, fumfunar ruwan ƙasa tana sajewa, sai kin karkata kwalbar kaɗan za ki ga abu yana motsi a dunƙule. Idan jarkar roba ce ko gwangwani da ba a ganin ciki, ki haska fitilar waya ta bakin. Ta nan ne aka fi cin fumfuna ba a sani ba, domin zumar tana tsiyayowa ta ƙarƙashin yanar, ita kuma yanar ta zauna a ciki.

Abubuwa biyu da ba su da illa a ƙasa suke kwanciya. Akwai dunƙulen sukari masu ƙyalli da tauri kamar tsakuwar gishiri, waɗanda ke fitowa idan an ɗan zarce wajen dafuwa. Akwai kuma ɗan laka mai kama da rairayi ko gajimare a gindin kwalba, ma'adinan da ke cikin ruwan bishiyar ne da suka tsallake tacewa. Idan waɗannan kaɗai kika gani, saman kuma tas yake, zumarki lafiya lau.

Lalacewa tana zuwa ta wasu hanyoyin ma. Idan kika buɗe murfi kika ji iska ta fita da ɗan ƙara, ko kika ga kumfa na tasowa, ko warin tsami irin na abin da ya kwana ya ruɓa, zumar ta fara tsami. Idan kuma tana yauƙi tana jan zare kamar miyar kuɓewa, ita ma ta tafi. Hukuncinsu ɗaya da mai fumfuna.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki ɗanɗana don ki gwada. Kuma da zarar idonki ya ga fumfuna, kada ki kai hanci bakin kwalbar ki shaƙa, musamman idan kina da asma ko yawan atishawa, don ƙurar fumfunar na iya tayar miki da numfashi.

Mataki na biyu: ki zubar da ita gaba ɗaya

A nan ne ake gardama, kuma a nan zan daɗe. Washegari da na isa gidan yarinyar, na tarar maigidanta ya ciro kwalbar daga inda ta ajiye ta ya ɗora a kan tebur. Wani abokin aikinsa ɗan ƙasar, wanda ya tashi a gonar mapul, ya gaya masa cewa su tun zamanin kakanni kwashe fumfunar suke yi da cokali, su tafasa zumar, su tace, su mayar a kwalba mai tsabta. Mutumin bai yi ƙarya ba, haka aka daɗe ana yi, har yau akwai masu yi. Amma masana harkar abinci da ke aiki da manoman mapul sun janye daga wannan shawarar, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne.

Abin da kike gani a sama kan fumfunar ne kawai. Tana da zare-zare sirara da ke nutsewa ƙasa, kuma duk abin da ta fitar yana narkewa ya bazu cikin ruwan, cokali ba ya kwaso shi. Masu bincike a Jami'ar Maine ta Amurka da wasu a lardin Ontariyo sun duba kwalaben da suka yi fumfuna, suka sami dangin Penicillium da Aspergillus da Wallemia. A cikin waɗannan dangogin akwai marasa illa, akwai kuma masu iya fitar da guba. Ke da kike tsaye a kicin ba ki da hanyar bambance su. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan wurin bai sani ba, launi ba ya nuna wace ce mai guba.

Tafasawa kuma tana kashe fumfunar kanta, amma yawancin gubar fumfuna ba ta jin zafin tukunyar gida. Mu da muka fito daga ƙasar gyaɗa da masara mun san misalin wannan. Gubar aflatoksin da ke fitowa a gyaɗar da ta sha damshi tana nan ko an soya gyaɗar, ko an yi ƙuli-ƙuli da ita. A 2004 masara mai wannan gubar ta kashe mutum 125 a Kenya, kuma dafaffiya suka ci. Ba ina cewa aflatoksin ce a kwalbarki ba, ina nuna miki ne cewa wuta ba ta wanke irin wannan dattin.

Ga mai juna biyu akwai ƙarin dalili. Wasu daga cikin gubobin fumfuna suna ratsa mabiyiya su kai ga ɗan tayi. Akwai ma wani nau'in Penicillium da ke fitar da sinadarin da ake haɗa maganin masu dashen ƙoda da shi, maganin da likitoci suka hana mai ciki sha saboda yana jawo ɓari da nakasa. Abin da zai iya kasancewa a cokalin zuma bai ko kama ƙafar adadin da ke cikin ƙwayar magani ba, don haka kada wannan ya hana ki barci. Amma mene ne ribar ci gaba da shan sauran kwalbar kullum da safe har ta ƙare?

Maigidan nata ya kawo maganar almubazzaranci, kuma na fahimce shi, don an hore mu da ganin girman abinci. Na ce masa, "Malam, abincin da ya lalace ya riga ya tashi daga abinci. Kuɗin kwalbar nan bai kai na tasi zuwa asibiti ba." Ya yi shiru, ya ɗauke ta da kansa.

Yadda ake zubarwa: a rufe murfin da kyau, a sa kwalbar a leda a ƙulle, a kai ta kwandon shara na waje. Idan da hali wani ya yi miki, ke ki tsaya nesa. Kada a ba yara, kada a ce za a yi kek ko cincin da ita don wai wutar gashi za ta gyara. Idan kin riga kin zuba ta a wani abincin da ke ajiye, kamar ƙullin fanke ko naman da kika jiƙa, shi ma ya bi ta.

Mataki na uku: idan kin riga kin ci

Ki zauna tukuna. Cikin ɗan Adam yana da tsamin da ke kashe yawancin abin da ya shiga, kuma illar gubar fumfuna ta fi zuwa ne daga ci mai yawa ko ci na tsawon lokaci. Mafi yawan waɗanda suka haɗiyi ɗan abu mai fumfuna ba sa jin komai, wasu kuma tashin zuciya ne ko ɗan murɗar ciki da ke wucewa.

Ki kurkure baki, ki sha ruwa a hankali. Kada ki sa yatsa a maƙogwaro don ki jawo amai, kada ki sha ruwan gishiri ko manja ko wani jiƙo da sunan wanke ciki. Ruwan kanwa ma ki bar shi. Magungunan kanti su ma sai da izini: Pepto-Bismol da ake sha don ɓacin ciki ba a son mai juna biyu ta sha shi, haka ibuprofen, maganin tsayar da gudawa kuma sai kin tambayi likita ko mai ba da magani.

Kafin a fitar da kwalbar, ki ɗauki hotonta da waya, fumfunar da kuma takardar jikinta. Ki rubuta lokacin da kika ci, da kimanin cokali nawa, da kuma tun yaushe kike shan wannan kwalbar. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce mai muhimmanci. Wadda ta ci sau ɗaya daban take da wadda ta yi sati uku tana zubawa a kunu daga jarkar da ba ta taɓa leƙawa ba. Ta biyun ta kira ungozomarta ko likitanta ko da ba ta jin komai, ta faɗa musu yadda abin yake ba tare da jin kunya ba.

Wadda ta ci sau ɗaya kuma take jin garau, ta sa wa jikinta ido na kwana ɗaya zuwa biyu, ta ambata a ranar awo na gaba. Idan hankalinta ya ƙi kwanciya, ta kira a daren, ba laifi ba ne. A yawancin lardunan Kanada lambar 811 tana haɗa ki da ma'aikaciyar jinya dare da rana, kyauta. A Amurka cibiyar ba da shawara kan guba tana kan 1-800-222-1222. A Ingila 111 ne. Wadda ke gida Najeriya ko Nijar ta tuntuɓi asibitin da take awo.

Mataki na huɗu: alamomin da ba a jira da su

Ki tafi asibiti ko ki kira sashen masu haihuwa nan take idan zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin Salsiyos, ko amai ya hana ko ruwa zama a cikinki, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko kika ga jini a bayan gida. Haka idan fitsarinki ya ragu ya yi duhu, bakinki ya bushe, jiri na ɗibar ki idan kin miƙe, don ƙarancin ruwa a jiki yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Ciwon mara mai zuwa yana dawowa, zubar jini ko ruwa ta gaba, su ma ba a kwana da su.

Idan cikin ya kai watannin da kike jin motsi sosai, ki kwanta ta gefen hagu ki ƙirga. A Kanada ma'aunin da aka saba ba mata a watannin ƙarshe shi ne motsi 6 cikin awa 2. Idan bai kai ba, ko kika ji motsin ya canza daga yadda kika san shi, ki tafi a duba.

Kumburin leɓe ko fuska, borin jini a fata, shaƙewar numfashi: wannan rashin jituwar jiki da fumfunar ne, lambar gaggawa ake kira, 911 a Kanada da Amurka.

Zazzaɓi ga mai ciki a kowane hali abin dubawa ne, ko da zumar ba ta da hannu a ciki. Ki faɗa wa likita duk abin da kika ci a kwanakin, musamman cuku mai laushi, madarar da ba a dafa ba, ko yankakken naman kanti mai sanyi, domin ƙwayar listeriya da ake tsoro ga masu ciki ta waɗannan ta fi zuwa.

Mataki na biyar: ki share wurin

A goge inda kwalbar ta zauna da ruwan zafi da sabulu, a bar shi ya bushe. A duba maƙwabtanta, jam da burodi da tumatirin gwangwani da aka buɗe. Duk abu mai laushi ko mai ruwa da ya yi fumfuna zubarwa ake yi gaba ɗaya. Abu mai tauri irin karas ko kabeji ne kawai ake iya yanke wurin, a haɗa da kamar santimita biyu da rabi na kewayensa.

Mataki na shida: yadda za ki adana sabuwa

Zumar mapul mai kyau ba ta da wata matsala ga mai juna biyu, dafaffiya ce sosai. Wadda ba a buɗe ba tana iya zama a wuri mai sanyi da duhu, nesa da murhu da taga. Daga ranar da aka buɗe, firij ne gidanta, kuma a mayar da ita da an gama zubawa, kada ta wuni a kan tebur. Firij ɗin ya kasance a kan 4 a ma'aunin Salsiyos ko ƙasa da haka. Ki manna 'yar takarda ki rubuta ranar buɗewa. A firij tana kai wata shida cikin kwanciyar hankali, wasu na kai ta shekara, amma ni ga mai ciki na fi son a tsaya a wata shida, kuma a leƙa ta duk lokacin da za a zuba, don sanyi yana rage saurin fumfuna ne, ba ya hana ta ɗungurungum.

Idan gwangwanin nan na Kebek mai mililita 540 kika saya, da kin fasa shi ki juye a kwalbar gilashi da aka wanke da ruwan zafi ta bushe ƙarau. Ɗigon ruwa da ya rage a kwalba yana tsinka saman zumar, fumfuna kuwa abin da take jira ke nan. Gilashi ya fi roba, ko don kina ganin abin da ke ciki.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce firiza. Saboda yawan sukarinta, zumar mapul ba ta daskarewa ta zama dutse, kauri kawai take yi. Idan na sayi babbar jarka a lokacin bazara, sai in raba ta a ƙananan kwalabe, in bar ɗan sarari a saman kowace, in sa ɗaya a firij sauran a firiza. A can tana shekaru ba ta canza ba.

Ki riƙa tsiyayawa, kada ki tsoma cokali, balle wanda ya taɓa baki ko abinci. Wadda ta rage a ɗan kofin da aka kai tebur ba ta komawa kwalba. Ki goge bakin kwalbar kafin ki rufe, don wannan danƙon da ke taruwa a wuya nan fumfuna ta fi fara kamawa.

Ki kuma karanta takardar jikin kwalba. Akwai ruwan zaƙi mai araha da ake sayarwa don fanke, wanda aka yi da sukarin masara da ƙamshin mapul, aka sa masa maganin hana lalacewa. Shi yana jure zaman kabad, kuma ganin sa a kabad ɗin mutane na cikin abin da ke ruɗa baƙi. Ta gaskiyar abu ɗaya ne tak a jerin kayan haɗinta.

Maganar yawa kuma: babban cokali ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 12 zuwa 13. Kasancewarta daga bishiya bai sa ta daina zama sukari ba. Idan gwajin da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28 ya nuna kina da ciwon sukari na masu ciki, ki lissafa ta cikin abin da aka ƙayyade miki.

Idan tsaraba ce za ta gida

Masu zuwa hutu Kano ko Zariya ko Damagaram suna son riƙe ta, kuma tana daɗi a kan masa. Sai dai can ga zafi, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, firij yana sanyi yana saki. Ki sayi ƙananan kwalaben gilashi maimakon babba ɗaya, yadda duk wadda aka buɗe za a shanye ta cikin 'yan kwanaki. Idan kin miƙa, ki faɗa da bakinki cewa wannan ba irin zumar da suka sani ba ce, ba a ajiye ta a ɗaki bayan an buɗe. Idan kuma a gidan akwai mai ciki, ki ɗaga kwalbar wajen haske ki nuna mata daidai inda za ta riƙa dubawa: saman zumar, wuyan kwalba, da cikin murfi.